Kawu Basarke da Ayun Teku

Kawu ya rasu ranar Talata da azahar, aka rufe shi washegari bayan la'asar a nan Doha. Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. A gidana aka yi zaman makoki, a unguwar Matar Ƙadim, domin shi ɗaki ɗaya gare shi a bayan gidan kafil ɗinsa, wato Balaraben da ya ɗauke shi aiki, a Garrafa. Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma ni kaɗai ne jininsa a ƙasar nan. Muka fitar da kujerun falo, muka shimfiɗa darduma.

Ranar farko mutanenmu ne suka cika falon: direbobi, masu gadi, likitoci biyu, da wani malamin jami'a da ke zaune a Ain Khalid. Kowa ya faɗi abin da ya sani. Wani ya ce Alhaji bai taɓa makara ba in an ce ya ɗauko mutum a filin jirgi. Wani ya ce shi ya koya masa titunan Doha a shekarun da ake ta tone su, kowane wata a sake musu hanya. Wani mai gadi ɗan Gusau kuwa shayi kawai yake zubawa yana miƙa wa mutane har aka tashi. Kafil ɗin ya zo da sandarsa, ɗansa na riƙe da shi. Ya zauna a ƙasa kamar kowa, ya daɗe, da zai tashi ya ce mini da Larabci, "Shekara ashirin yana tuƙa ni. Ban taɓa jin ya danna wa mutum hon don fushi ba."

Rana ta biyu wasu baƙi suka zo waɗanda mutanenmu ba su sani ba. Wata baturiya mai furfura ta shigo da gyale a kanta, matata ta ja ta ciki wajen mata. Tare da ita akwai samari uku 'yan Filifin da wani Balarabe ma'aikacin gwamnati. Ba su daɗe da zama ba sai ga masunta huɗu 'yan Indiya daga Ruwais, can ƙarshen arewa, da ƙaurin kifi a tufafinsu. Malamin jami'a ya matso ya tambaye ni a kunne ko ɓatan hanya suka yi.

Na ce, "Abokan aikin Kawu ne."

"Wane aiki? Ba direba ba ne?"

"Ranar Juma'a yana aikin sa-kai a bakin teku."

Ya dube ni. Shi a saninsa 'yan sa-kai su ne masu gadin ƙauye da bindigar gargajiya. Kafin in yi masa bayani, babban cikin masuntan ya zo ya tsaya gabana, ya ɗora hannu a ƙirji. Ya buɗe baki zai yi magana, kuka ya ƙwace masa. A duk kwanakin makokin ban ga wanda ya yi kuka kamarsa ba.

Da dangi suka kira daga Yawuri, babbar 'yar Kawu ta ce mini, "Ku kun fi mu zama da shi. Mu sai bayan shekara biyu muke ganinsa, wata ɗaya ya koma. Ka rubuta mana yadda yake." Wannan shi ne abin da na iya tunawa.

Kawu Basarke ne, ɗan masunta jikan masunta, a bakin kogin Neja ya tashi. Ya bar su tun yana saurayi ya koyi tuƙin babbar mota, tuƙin kuma ya kai shi Saudiyya, daga can ya faɗo Doha. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ba ya son yawan magana. Kalmar da ya fi faɗa ita ce, "A tsaya tukuna." Ya faɗa mini ita lokacin da zan kama gidan da ban duba famfonsa ba, ya faɗa mini ita lokacin da na so in yi wa shugabana a asibiti rashin kunya. Likita yake kirana, alhali ya san gwajin jini kawai nake yi. Watanni ukun farko da zuwana, kafin matata ta iso, duk mako sai ya tuƙa tuwon shinkafa da kansa, ya yi miyar kifi, ya kawo mini a kula. Ba ya sayen kifi a kanti. Kasuwar kifi yake zuwa, ya ɗaga kunnen kifin ya duba, ya shinshina, ya ajiye guda biyar kafin ya ɗauki ɗaya. Masu sayarwa sun san shi, ba sa yi masa gardama.

Yadda ya fara aikin tekun kuwa, kafil ɗinsa yana kafa tanti da lokacin sanyi a arewa maso yamma, bayan Zikrit. Wata rana suna can suna shan gahawa, Kawu ya bi gaɓar teku da ƙafa don miƙe jiki. Ya tarar da baturiyar nan, malama ce mai binciken dabbobin ruwa, ita da ɗalibanta sun kewaye wata matacciyar dabba suna awo. Tsawonta ya fi na mutum, jikinta launin toka, tsohuwar ragar kamun kifi ta nannaɗe ta. Kawu ya tsuguna, ya ɗaga hannun dabbar, ya nuna musu nono a hammata. Da ɗan Larabcinsa da ɗan Turancinsa ya ce musu mace ce, kuma tana shayarwa, su nemi ɗanta, ba zai yi nisa ba.

Malamar ta tambaye shi inda ya san ta.

Ya ce, "Muna da ita a kogin garinmu. Ayu."

Ayu dabba ce da ke zaune a ruwa amma ba kifi ba ce. Ciyawar ƙarƙashin ruwa take ci, tana haihuwa tana shayarwa, kuma dole ta ɗago hanci ta shaƙi iska. In raga ta riƙe ta a ƙasa, nutsewa take yi ta mutu kamar mutum. Larabawa saniyar teku suke ce wa tasu. Kawu ya ce wutsiya ce kaɗai ta bambanta su: ta kogi zagayayyiya ce kamar faifai, ta teku kuwa a rabe take kamar ta kifi. Suka yini suna neman ɗan, ba su gan shi ba. Da za su rabu malamar ta karɓi lambarsa.

Daga nan Juma'arsa ta koma ta teku. Kafil ya ba shi tsohuwar motar gidan ya ce ya riƙa zuwa da ita. Yakan fita bayan asuba da buhunan shinkafa da aka juye, da wuƙa, da jarkar ruwa. Shi da sauran masu sa-kan sukan raba gaɓar, kowa ya ɗauki nasa yankin, suna tsince ragar da masunta suka yar da igiyoyi da ledoji. In an ga mushen ayu a ɗauki hoto, a aika da inda yake, kada a taɓa. Shi ne yake zama da masunta a Ruwais, domin yana jin yarensu na sana'a ko da ba ya jin na bakinsu. Yakan ɗauki raga ya gyara musu ƙulli suna hira, a cikin hirar ya roƙe su kada su kwana da raga a inda ciyawa take da lokacin sanyi, lokacin da ayu ke taruwa. Ya sallaci Juma'a a wani ƙaramin masallaci a hanya, ya dawo da la'asar motar tana wari.

Masuncin da ya yi kuka a falona, ragarsa ce ta taɓa kashe ayu. Tsoro ya kama shi, yana ganin in aka ji za a kore shi daga ƙasar, shi da yake ciyar da mutum tara a gida. Ya yi niyyar ɗaura wa mushen dutse ya nutsar. Kawu ya ce masa a tsaya tukuna. Ya nemi izinin kafil a ranar aiki, ya ɗauki mutumin ya kai shi ofishin masu kula da muhalli, ya zauna kusa da shi tun safe har azahar. Ya gaya musu cewa mutumin da kansa ya kawo rahoto, in aka hukunta shi babu masuncin da zai sake kawowa. Aka rubuta bayaninsa aka sallame shi. Ban ji wannan daga bakin Kawu ba. Masuncin ne ya ba ni labari a wajen makoki, bayan ya share hawaye.

Sau da yawa ya ce in raka shi, ina cewa na gaji da dutin asibiti. Ranar da na fara binsa ita ce ranar da na gan shi yana aiki da rai a hannunsa. Sanyi ne, iyalai sun cika gaɓar da motoci da abin gashi. Muka hango taro a inda ruwa ya janye. Wani matashin ayu ne kwance a ruwan da bai kai gwiwa ba, raga ta ɗaure masa hannu ɗaya da wutsiya, yana numfashi da ƙyar. Wani mutum ya ɗora 'yarsa a bayansa yana ɗaukar hoto. Wasu samari sun ɗaura masa igiya a wutsiya, ɗaya bakin a jikin jif, wai za su ja shi zuwa ruwa mai zurfi. Da alheri suke nufi.

Kawu ya shiga ruwan da takalminsa, ya sauke yarinyar ya miƙa wa ubanta, ya kwance igiyar.

"La," ya ce wa mai jif ɗin da Larabci, wato a'a, ya isa haka. "Khalas."

Ya miƙo mini wayarsa ya ce in kira lambar farko, ta ma'aikatan muhalli, in faɗa musu yana da rai, in tura musu inda muke. Sai ya juya ga matan da ke tsaye ya roƙi tawul da zanen gado. Aka jiƙa su aka lulluɓe bayan dabbar, ya bar hancin a buɗe. Ya sa mutum biyu suka riƙe tabarma ta yi inuwa. Sauran ya zana musu layi a yashi da ƙafa, ya ce kowa ya koma bayansa, a rage murya, domin hayaniya tana iya tsayar da zuciyar dabbar.

Mai jif ɗin ya fusata. Ya ce, "Kai wane ne? Ba direba ba ne?"

Kawu ya ce, "Direba ne. Riƙe wannan bokitin."

Saurayin ya riƙe. Shi ya yi ta zuba ruwa a kan tawul ɗin har ƙarshe. Na lura duk wanda ya fi surutu a wurin, Kawu aiki yake ba shi. Ya fito da wuƙa ya riƙa yanke ragar zare bayan zare, ni ina tallafe da haɓar dabbar don kada hancin ya nutse. Fatar tana da kaushi, da 'yan gashi tsilli-tsilli, kuma duk bayan ɗan lokaci sai ta busa mini iska mai ɗumi a hannu. Zaren da ya shige cikin nama bai taɓa shi ba, ya ce wannan na likitan dabbobi ne. Awa biyu muka yi kafin ma'aikata su iso. Suka cire zaren, suka duba shi, muka jira ruwa ya dawo, sannan mutum shida suka taka da shi a hankali har ya fara kaɗa wutsiya da kansa. Sallar Juma'a ta wuce mu. Muka yi azahar a kan yashi.

A mota na ce, "Kawu, yau ka ceci rai."

Ya ce, "Ba mu sani ba. Ya sha wahala. In mun gan shi a gaɓa mako mai zuwa, ya mutu. In ba mu gan shi ba, to ba mu sani ba."

Ba mu gan shi ba.

Hoton wannan ranar ne ya jawo rigimar. Ni na tura wa mahaifiyata, ƙanwar Kawu, don ta ga abin da yayanta yake yi. Inna ta yi shekaru tana fama da ciwon gwiwa, har sallah a zaune take yi, kuma a wajenmu an yarda babu abin da ke maganin ciwon gaɓɓai kamar man ayu. Ta kira ni ta ce in gaya wa Yaya ya samo mata, tunda na ce suna tsintar matattu. Na gaya masa. Ya ce in kira ta, na sa wayar a fili.

"Yaya, mushe ne fa. Ba cewa na yi ka kashe ba."

"Na sani."

"Da wannan naman Baba ya ciyar da mu."

"Na sani. Doka ta hana a nan, in aka kama ni jirgi za a sa ni a mayar da ni gida. Amma ko babu doka ba zan yanka ba. In na aiko miki yau, gobe mata goma za su aiko. Jibi wani zai sami masunci ya ce masa kada ya jira ya mutu da kansa."

"Wato ka fifita dabba a kaina."

"Ki je asibiti. Zan sa a kai ki."

Ta kashe wayar. Shekara ɗaya da rabi ba ta sake ɗaga kiransa ba. Da sallah yakan aika gaisuwa ta bakina, ta ce ta ji.

Ni bayan Inna na bi. Ina jin muryarta in ta tashi daga tabarma, na kasa gane me zai ragu a jikin abin da ya riga ya ruɓe. Wata Juma'a aka ce an ga mushe, na sa kwalba mai murfi da reza a aljihun rigar sanyi, na ce zan raka shi. Muna tsaye a kan mushen, sauran sun tafi ɗauko abin awo, ya dubi aljihuna.

"Likita, in ka yanka, da kaina zan kira hukuma."

Bai ɗaga murya ba, kuma na san zai kira. Takardar aikina, makarantar 'ya'yana, duk suna cikin wannan aljihun. Na fito da kwalbar na jefa a buhun shara. Muka kama hanyar dawowa. Mun kusa shiga gari ya fara magana, idonsa a kan titi.

Ya ce yana da shekara kamar goma sha biyar mahaifinsu ya fara ba shi mashi. Da rani ne, ruwa ya ragu, suka iske ayu tana kiwo a wani gurbi. Ya jefa ya same ta. Suka ɗaure ta a jikin jirgi suna ja, sai suka ga ɗanta yana bin su. Ya bi su har mashaya. Kwana uku yana kewaya wurin, yana tunkuɗar jiragen da hanci. Mahaifinsu ya ce a ƙyale shi ya girma. Rana ta huɗu aka tsince shi a cikin ciyawa ya mutu.

"Ban ji komai ba a lokacin," ya ce. "Murna nake yi. An kai wa sarkin ruwa rabonsa, an yi mini kirari. Zuwan da na yi gida na ƙarshe na tambayi samarin mashaya, babu ko ɗaya da ya taɓa ganin ayu da idonsa. A labari suke jin sa. Mu muka cinye."

Bai sake tayar da maganar ba, bai kuma taɓa gaya wa kowa batun kwalbar ba. Mako na gaba ya kawo wa matata kifi kamar yadda ya saba.

Hutunsa na ƙarshe ya zo a shekarar da aka rufe iyakar ƙasar nan da Saudiyya. Da ya isa Yawuri, gidan Inna ya fara sauka kafin nasa. Ya yi sallama, ya zauna a zaure, ya ce ba zai tashi ba sai ta shirya. Ya kai ta asibiti a babban gari, ya kwana uku a can har aka ɗauki hoton ƙafar. Likita ya ce ƙashin ya goge, sai dai a rage zafi. Ta yi masa fura da zai tafi. Sun yi hirar auren jikoki da rufin ɗakin da ya zube da waɗanda suka rasu. Babu wanda ya ambaci ayu, babu kuma wanda ya ba wani haƙuri.

Ranar da ya rasu ya je ɗauko jikokin kafil daga makaranta. Ya isa da wuri, ya ajiye motar a inuwa, ya ja birkin hannu. Da aka tashi yaran suka same shi ya jingina da kujera kamar mai barci. A asibiti aka ce zuciya ce.

Bayan addu'ar arba'in Inna ta kira ni da hantsi, ina wajen aiki. Muka gaisa, ta tambayi yara. Sai ta ce wani ɗan'uwanmu ya ji tana kukan ƙafa, ya kawo mata 'yar kwalba daga kasuwa, wai man ayu ne.

"Na ce ya mayar."

"Don me, Inna?"

"Wa ya sani ko shi ne. Man shanu suke haɗawa su sayar wa mutane."

Ina jin kaji suna kuka a tsakar gidanta.

"Ko da shi ne ma," ta ce.

Na tambaye ta ƙafar. Ta ce tana nan yadda take.

"Can wajen da Yaya yake zuwa, kana zuwa?"

"Wani lokaci, Inna."

"To, ka riƙa zuwa."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, ya yalwata masa makwancinsa a wannan ƙasar da ba tasa ba. Allah ya ba ƙanwarsa da iyalinsa haƙuri.